Ta yaya gwamnati za ta shirya wa abin da bai iso ba tukuna?

Tambaya: Wani matashi da ke wakiltar unguwarsa a ɗaya daga cikin majalisun ƙananan hukumomin Kumasi, a ƙasar Ghana, ya aiko yana cewa: "Baba, an kira mu taron bita an ce dole gwamnati ta riƙa hangen shekara 20 ko 40 kafin ta tsara manufa. Ni kuwa abin da na gani shi ne kowace gwamnati takan zo da nata tsari ta jingine na wadda ta gabace ta. To mene ne amfanin wannan hangen nesa, yaya ake yin sa, kuma ba shiga hurumin gaibu ba ne?"

Amsa: Ɗana, zan fara da ƙarshen tambayarka domin shi ya fi sauƙin warwarewa. Sanin gaibu sai Allah, kuma babu ma'aikacin tsare-tsare mai hankali da zai ce maka ya san farashin koko ko darajar sidi, kuɗin Ghana, a shekarar 2045. Sai dai ba duk abin da ke gaba ne yake a ɓoye ba. Yaron da zai nemi gurbi a babbar sakandare nan da shekara 10 an riga an haife shi, yanzu haka yana wasa a ƙofar gidansu a Aboabo ko Sawaba, kuma ana iya ƙidaya shi. Ka kuma tuna ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam: bayan bayanin shekarun yalwa bakwai da shekarun ƙunci bakwai, sai shawara ta biyo baya cewa a bar hatsi cikin zangarniyarsa a ci kaɗan, sannan aka danƙa masa taskokin ƙasa. Hange, da matakin da za a ɗauka, da mutumin da ke da ikon zartarwa, duk suka haɗu wuri ɗaya. A ganina, bayan shekarun da na yi a ofishin tsare-tsare, wannan haɗuwar ce ta fi yi mana wuya a Ghana, domin ta fuskar rubuta tsari ba a bar mu a baya ba.

Tun zamanin Turawa, Gwamna Guggisberg ya yi tsarin shekara 10 daga 1920, wanda a ƙarƙashinsa aka samu asibitin Korle Bu a 1923, makarantar Achimota a 1927 da tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928. Nkrumah ya yi tsarin shekara 7 da ya fara a 1963, aka ƙaddamar da madatsar Akosombo a watan Janairu 1966, aka kifar da Nkrumah a watan Fabrairu na wannan shekarar, tsarin ya tafi tare da shi. Gwamnatin Rawlings ta fito a 1995 da burin mayar da Ghana ƙasa mai matsakaicin arziki kafin 2020, amma da aka sauya gwamnati a 2001 sai aka koma kan wasu tsare-tsaren rage talauci masu gajeren zango. A 2015, zamanin Mahama na farko, aka fara rubuta tsarin shekara 40 wanda zai kai 2057, shekarar da Ghana za ta cika 100 da samun 'yancin kai, aka zaga yankuna ana jin ra'ayin jama'a, sai zaɓen 2016 ya kawo Akufo-Addo da nasa taken na Ghana ta tsaya da ƙafarta ba tare da dogaro da tallafi ba. Saboda haka abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma manyan jam'iyyun biyu duk sun yi wa juna.

Dalilin haka yana cikin yadda aka raba iko. Sashe na 86 da na 87 na kundin tsarin mulkin 1992 su suka kafa Hukumar Tsara Ci Gaban Ƙasa, wato NDPC, amma aikin da suka ba ta shi ne ba wa shugaban ƙasa shawara. Kuɗi yana hannun Ma'aikatar Kuɗi, wadda ke tafiya bisa kasafin shekara ɗaya, kasafin kuma yana bin alkawuran da jam'iyya ta yi wa masu zaɓe. Sashe na 36 ya wajabta wa kowane shugaba ya gabatar wa majalisar dokoki da nasa tsarin cikin shekara biyu da hawa mulki. Sashe na 35 kuwa ya ce gwamnati ta ci gaba da ayyukan da ta gada, amma ya ƙara da cewa gwargwadon yadda zai yiwu, kuma ta wannan ƙofar kowa ke fita. Idan ka haɗa waɗannan, za ka ga masu dogon hange ba su riƙe da kuɗi, masu riƙe da kuɗi kuwa zaɓe mai zuwa ne iyakar inda idonsu ke kaiwa.

Duk da haka, ba na cikin masu kukan cewa da an bi tsarin shekara 40 da komai ya gyaru. Kundin da ya zana hanya ɗaya tak zuwa 2057 yana tsufa tun kafin tawadarsa ta bushe, domin yana ɗauka cewa gobe za ta zama kamar yau, an dai ƙara mata yawa. Wutar lantarki ta koya mana wannan da tsada. Ruwan tafkin Volta, wanda madatsar Akosombo ke samar da wuta da shi, ya ja baya a 1983, a 1998, da kuma tsakanin 2006 da 2007, kowane karo aka shiga rabon wuta, kowane karo kuma aka yi kamar ba a taɓa gani ba. A watan Agusta 2012 bututun iskar gas da ke zuwa daga Najeriya ya lalace a teku, aka faɗa cikin dumsor, wato yawan ɗauke wuta, na shekaru, wanda duk mai shagon ɗinki ko injin niƙa a Zango ya san zafinsa a aljihunsa. Da abin ya yi tsanani sai aka ruga aka sa hannu kan kwangiloli da kamfanonin samar da wuta, da sharaɗin cewa ko an sha wutar ko ba a sha ba sai an biya. Bayan 'yan shekaru aka wayi gari ƙasa tana biyan kuɗin wutar da ba ta amfani da ita. Sannan a watan Satumba da Oktoba 2023 ruwa ya yi wa Akosombo yawa har aka buɗe shi, ya malale Mepe da wasu garuruwan yankin Tongu da ke ƙasan madatsar. Madatsa ɗaya ce, ta ba mu wahalar ƙarancin ruwa, ta kuma ba mu wahalar yawansa. Duk wanda ya gina tsarinsa kan ƙiyasi ɗaya, na fari ko na ambaliya, rabin lokaci zai same shi ba shiri.

To yaya masu wannan sana'a suke yi? Mataki na farko shi ne ware abin da ya riga ya tabbata daga abin da ke iya juyawa. Ƙidayar 1960 ta samu mutum miliyan 6.7 a Ghana, ta 2021 ta samu miliyan 30.8, kusan kashi 57 cikin 100 suna zaune a birane, kuma a karon farko yankin Greater Accra ya zarce Ashanti a yawan jama'a. Irin wannan ba ya buƙatar wata basira, lissafi ne kawai. Lokacin da aka fara karatun babbar sakandare kyauta a watan Satumba 2017, adadin ɗaliban da ke gama ƙaramar sakandare yana rubuce a ofisoshin ilimi tun shekaru kafin nan, amma a 2018 sai da aka raba ɗalibai kashi biyu, wasu na aji wasu na gida, saboda azuzuwa ba su isa ba. Manufar tana da kyau a wurina, amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ginin aji yana ɗaukar lokacin da sanarwa ba ta ɗauka.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi wuya, wato sa ido kan ƙananan alamu da ba su kai matsayin labari ba tukuna. Lokacin da MTN ta fara hada-hadar kuɗi ta wayar salula a 2009, mutane da yawa sun ɗauke ta wasan yara. Bayan shekara goma sha uku kuɗin da ke bi ta cikinta ya yi yawan da gwamnati ta ɗora masa harajin kashi 1.5 a 2022, ta rage shi zuwa kashi 1 a shekarar da ta biyo, aka soke shi gaba ɗaya a 2025. Wannan kai-kawo alama ce ta cewa abin ya girma a gaban idon hukuma ba tare da an zauna an yi tunanin yadda za a tafiyar da shi ba. Haka galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya faro, mutum da shebur da kwano, har ya zama na manyan injuna da ya mayar da kogunan Pra, Ankobra, Birim da Offin ruwan laka. Masunta da manoman koko na bakin waɗannan koguna sun ga sauyin launin ruwa tun kafin wani rahoto ya isa teburin minista.

Mataki na uku shi ne a zana gobe iri-iri, uku ko huɗu, waɗanda kowannensu zai iya faruwa, sannan a auna manufa da kowanne. Bari in yi maka misali da abin da ya shafi mutanenmu kai tsaye. Albasar da ake saukewa a kasuwar Kwadaso ta Kumasi mafi yawanta daga Nijar take zuwa, tumatir na rani daga Burkina Faso, shanun da ake yankawa a mayankar Kaase su ma da yawansu daga arewa suke gangarowa ta Paga, garin da ke kan iyakar Ghana da Burkina Faso. Bayan juyin mulkin Nijar a watan Yuli 2023, ECOWAS ta rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanya, kaya suka ruɓe, farashi ya tashi a Kumasi da Accra. A watan Janairu 2025 kuma Mali, Burkina Faso da Nijar suka fice daga ƙungiyar a hukumance. Mai tsara manufar abinci ba zai iya sanin inda wannan zai ƙare ba, amma yana iya zana yadda abubuwa za su kasance idan dangantaka ta daidaita hanya ta ci gaba da buɗewa, da yadda za su kasance idan hanya ta kasance a buɗe amma haraji da shingaye suka ninka kuɗin mota, da kuma yadda za su kasance idan rashin tsaro ya tsallako iyaka har direbobi suka daina zuwa. Sai ya tambayi kansa wane mataki ne zai yi amfani a dukan ukun. Gyara madatsun noman rani na Tono da Vea, gina rumbunan adana albasa, da kwantar da rikicin Bawku, inda ake noman albasa tun da daɗewa, duk ba za su zama asara ba ko wacce goben ce ta zo. Wasu matakan kuwa masu tsada ne, ba a ɗaukar su sai an ga alama, don haka tun yau ake rubuta alamar: idan adadin motocin da ke tsallako Paga ya ragu zuwa kaza na tsawon wata kaza, to ofishi kaza zai yi abu kaza, da kuɗin da aka riga aka ware. Wannan rubutaccen sharaɗi shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne ba na gani a yawancin kundayenmu.

Ka lura kuma da wanda ya fara sanin cewa hanya ta lalace. Direban tirela ne, da dillalin shanu, da Hajiyar da ke aika kuɗi Galmi, garin albasa a Nijar, tana jiran kaya. Zangunanmu, daga Nima da Sabon Zango har Asawase, suna da kunnuwa a Wagadugu da Yamai da Kano waɗanda babu ma'aikatar da ke da irinsu, kuma hukumar da ta san abin da take yi za ta riƙa zama da shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi a kai a kai, ba sai kaya sun ruɓe ba.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Kamfanin mai na Shell ya yi amfani da ita kafin tashin farashin mai na 1973, kuma a Afirka ta Kudu mutane masu ra'ayoyi mabambanta sun zauna a Mont Fleur a 1991 da 1992 suka zana hanyoyi huɗu da ƙasarsu za ta iya bi bayan mulkin wariya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙasashen da suka mayar da ita ɗabi'ar hukuma. Majalisar dokokin Finland tana da kwamitin makomar ƙasa tun 1993, kuma gwamnati kan gabatar mata da rahoto kan abin da ke tafe. Singapore ta kafa cibiyar nazarin gobe a 2009, wadda yanzu take ƙarƙashin ofishin firaminista. Yankin Wales na Birtaniya ya yi doka a 2015 da ta tilasta wa hukumomi su auna tasirin ayyukansu kan waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ba na cewa a kwaso tsarinsu a dasa mana, kuma su ma annobar korona ta same su da giɓi, amma a wurinsu akwai wanda doka ta ɗora wa nauyin amsa tambaya.

Mu ma mun taɓa yin irin wannan, kuma ya kamata a yaba. An gano man fetur a rijiyar Jubilee a 2007, aka fara haƙowa a watan Disamba 2010, kuma a 2011 majalisa ta yi dokar sarrafa kuɗin mai wadda ta ware asusun ajiya domin 'yan baya da wani domin ranar da farashi ya faɗi. An yi haka ne bayan an dubi abin da mai ya yi wa wasu ƙasashe. Asusun 'yan baya ya tsira duk da kiraye-kirayen a taɓa shi, domin doka ce ta kafa shi kuma akwai kwamitin sa ido mai zaman kansa da ke fitar da rahoto. Ka kwatanta da dokar 2018 da ta hana giɓin kasafi wuce kashi 5 cikin 100 na arzikin ƙasa, wadda aka dakatar da ita a 2020. Masana da yawa sun yi ta gargaɗi cewa kuɗin ruwan bashi yana cinye kaso mai tsoka na harajin da ake tarawa, amma babu wani sharaɗi da ya tilasta a tsaya. A watan Disamba 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin basussukan waje, aka sauya wa masu takardun lamuni na cikin gida sharuɗɗa, har tsofaffin 'yan fansho suka yi zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi, kuma a watan Mayu 2023 aka karɓi lamunin dala biliyan 3 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya. An hango abin, ba a dai ɗaure hannun kowa da hangen ba.

Yanzu bari in dawo kan kujerar da kake kai, domin tana da iko fiye da yadda kake zato. Kowace majalisar ƙaramar hukuma tana rubuta tsarin ci gaba na shekara huɗu bisa jagorancin NDPC, kuma doka ta ce sai an yi zaman sauraron jama'a kafin a amince da shi. Yawanci ana cika shi da jerin ayyuka, kwalbati a nan, rumfar kasuwa a can. Kai ka riƙa tambayar abin da ba ya gyaruwa idan an makara, kuma a birni wannan kusan kullum maganar fili ce. Filin da aka bari aka yi gini a bakin rafin Aboabo ko Subin ba ya dawowa sai da rusau da hawaye. Mutanen Accra sun ga ƙarshen wannan a ranar 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliyar rafin Odaw ta haɗu da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle, sama da mutum 150 suka rasu, alhali kowa ya san halin wannan magudanar tun shekaru. Ka tambayi ina za a gina makarantar yaran da aka haifa bana, ka tambayi me ake yi game da gine-ginen da ke matsowa kusa da madatsun Owabi da Barekese waɗanda Kumasi ke sha daga gare su, ka kuma tambayi ina za mu riƙa binne mamatanmu nan da shekara 30, tunda kowa ya ga yadda gari ya kewaye maƙabartar Tafo. Ba a samun ƙuri'a da filin maƙabarta, shi ya sa babu mai tayar da maganar.

Akwai kuma hangen da ya rataya a wuyan al'ummarmu ita kanta. Dattawa ba su manta da dokar korar baƙi ta gwamnatin Firaminista Busia ta watan Nuwamba 1969 ba, lokacin da rashin takarda ya raba mutane da gidajen da aka haife su a ciki. An yi dokar kafa hukumar katin ɗan ƙasa tun 2006, amma mutane da yawa ba su damu ba sai da Babban Bankin Ghana ya ce daga watan Yuli 2022 katin ne kaɗai shaida a harkar banki, aka kuma ɗaure rajistar layin waya da shi. A lokacin ne wasu suka fara neman takardar haihuwar da ba a taɓa yi musu ba, ana yi musu tambayoyi saboda sunansu. Duk alamu sun nuna cewa makaranta, asibiti, fansho da tallafin gwamnati za su ƙara dogara da wannan rajista. Rajistar haihuwa kyauta ce kafin jariri ya cika shekara ɗaya, don haka ka zauna da limaman unguwarku da sarkin Zango ku daidaita cewa duk inda aka yi suna, a tambayi uban yaro ko ya karɓo takardar, idan bai karɓo ba a haɗa shi da wanda zai raka shi ofishin rajista a cikin makon.